Gidan Yari: Wa'azi Kaɗai Ba Ya Warkar Da Wanda Ya Firgita

Duk wanda ya taɓa noman rani a yankinmu na Kura da Bunkure ya san ruwa shi ne arziki, shi ne kuma mafarin fitina. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin marigayi Gwamna Audu Bako, ruwa ke gangarowa ta babban kanal ya ratsa ƙasar Rano, ya rarrabu zuwa Bunkure da Kura da Garun Malam, yana rayar da shinkafa da alkama da tumatir da albasa. Sai dai ba kowa ruwan ke iskewa daidai ba. Wanda gonarsa ke kusa da bakin kanal yana sha ya ƙoshi, wanda tasa ke can ƙarshen layi kuwa sai abin da ya rage. Shi ya sa idan alkama ta fara fitar da kai a tsakiyar hunturu, za ka tarar da samari cikin dare da tocila da shebur suna gadin layin ruwansu, kowa zuciyarsa a wuya.

A irin wannan dare ne aka yi rigimar da ta ci ɗan yayata. Wani ya toshe, wani ya buɗe, magana ta zama zagi, zagi ya zama duka, aka fasa wa wani bawan Allah kai da shebur. Da gari ya waye aka kwashi duk wanda aka ce an gani a wurin, har da shi. Ba zan ambaci sunansa ba, ba kuma zan ambaci inda aka tsare shi ba, domin ba ƙarar kowa na kawo ba. Abin da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, yaron ya yi wata goma sha huɗu yana jiran shari'a. Wanda aka ji wa ciwo ya warke ya koma gonarsa, dattawan ɓangarorin biyu sun zauna sun sasanta, amma kafin takarda ta bi takarda har a sallame shi, damina ta zo ta wuce, an sake shuka wata alkamar an girbe.

Ranar da ya dawo an yi murna, an dafa shinkafa, 'yan uwa sun cika gida ana ta barka da arziki. Ba a rufa mako biyu ba muka gane cewa wanda aka ɗauke mana daban, wanda aka dawo mana da shi daban. Ba ya iya miƙe ƙafa ya kwanta, sai dai ya dunƙule a gefe guda jikin bango, ko da shi kaɗai ne a ɗakin. Idan aka buga ƙyauren ƙarfe na zaure sai ya zabura tsaye, gumi na keto masa. Ƙarar makullai a hannun mutum tana hana shi cin abinci. Ba ya yarda kowa ya tsaya a bayansa, har a masallaci sai ya nemi sahun ƙarshe, gefen ƙofa. Yaron da a da ƙannensa ke hawa wuyansa, sai ga shi ya ɗaga hannu zai mari ƙaraminsu don kawai ya taɓa shi yana gyangyaɗi. Bayan nan ya shiga ɗaki ya yi ta kuka.

Da na tambaye shi, sai ya ce, "Kawu, wallahi na san a gida nake. Na sani sarai. Jikina ne bai yarda ba."

Wannan magana ita ce dalilin rubutun nan.

A gida kowa da fassararsa. Masu cewa iska ce ya kwaso a can suna yi, masu cewa sammu ne daga dangin wanda aka fasa wa kai suna yi. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi ruƙiyya. Ban raina ko ɗaya daga cikin addu'o'in da aka yi ba, ni ma na yi tawa. Amma da aka lura ya fara sayen ƙwaya a wurin masu tebur don ya samu barci, sai wani daga cikin manyanmu ya kawo shawarar a kai shi gidan mari. A nan na ce a'a, har aka ga kamar na yi rashin kunya. Ban manta da abin da 'yan sanda suka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna cikin watan Satumba na 2019 ba, inda aka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, daga gidan da iyaye suka kai su da sunan gyaran tarbiyya. Mutumin da kulle ya raunata, a ce kulle za a ƙara masa don ya warke, ai an yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago.

Batun ƙwayar ma ya kamata a tsaya a kansa kaɗan. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, suna ta'ammali da kayan maye. Mun saba ɗaukar dukkansu a matsayin lalatattu masu neman nishaɗi. Ɗan yayata ba nishaɗi yake nema ba, barcin awa uku yake nema wanda ba zai farka a cikinsa yana ihu ba. Ina kyautata zaton irinsa suna da yawa a cikin wancan adadi.

Abin da ke damunsa yana da suna a wurin likitocin ƙwaƙwalwa, kuma ba sabon abu ba ne. Mu ce masa ciwon firgici, wato raunin da ke saura a zuciya da jiki bayan mutum ya gamu da abin tsoro mai tsanani ko ya daɗe a cikinsa. Bahaushe ya riga ya gano shi da ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Allah Ya halicci jikin ɗan Adam da shirin kare kai: da zarar ya hangi haɗari, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarce, tsoka ta ɗaure, duk kafin hankali ya gama tantance mene ne. Ga mai lafiya, da haɗarin ya wuce sai komai ya koma mazauninsa. Ga wanda ya yi wata da watanni yana kwana cikin cunkoso, bai san wa zai taka shi ba, bai san ranar fitarsa ba, jikin yakan saba da zaman ɗar-ɗar har ya manta hanyar komawa. Sai ka ga hankali yana cewa an tsira, jiki yana cewa ƙarya ne. Kuma a wannan jayayya jiki ne ke rinjaye, don ya fi hankali sauri.

Neman mafita ne ya kai ni ga karanta abin da wasu ƙasashe suka gwada a gidajen yarinsu, abin da na tabbata da yawa daga masu karatu za su yamutsa fuska da jin sunansa, wato yoga da zaman tattara hankali.

Labarin da ya fi shahara na Indiya ne. A 1993 aka naɗa wata jami'ar 'yan sanda mai suna Kiran Bedi ta shugabanci gidan yarin Tihar da ke Delhi, ɗaya daga cikin mafiya girma da cunkoso a nahiyar Asiya, wanda akasarin mazaunansa masu jiran shari'a ne kamar namu. Daga cikin sauye-sauyen da ta kawo akwai wani horo da ake kira Vipassana: kwana goma mutum ba ya magana da kowa, yana tashi tun kafin asuba, yana zaune yana lura da shigar numfashinsa da fitarsa, sannan yana bin abin da yake ji a jikinsa gaɓa bayan gaɓa, ba tare da ya bi shi da gudu ko ya guje masa ba. A watan Afrilu na 1994 malamin wannan hanya, S. N. Goenka, ya jagoranci irin wannan zama da fursunoni kimanin 1,000 a lokaci guda. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ba fursunoni kaɗai aka sa ba, har ma'aikatan gidan an tura wasunsu sun yi.

Daga baya abin ya bazu. A Amurka wani mai suna James Fox ya fara koyar da yoga a gidan yarin San Quentin na Kalifoniya a 2002. A Ingila akwai wata ƙungiya a Oxford, Prison Phoenix Trust, da ke wannan aiki tun 1988. Labarin tuba da hawaye kowa na iya bayarwa, don haka na fi damuwa da abin da aka auna. A 2013 masu bincike daga Jami'ar Oxford, ƙarƙashin Amy Bilderbeck, sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi a gidajen yari bakwai. Sun raba fursunoni gida biyu ta hanyar ƙuri'a, kashi ɗaya ya yi darasin yoga sau ɗaya a mako har mako goma, ɗaya kashin bai yi ba. Waɗanda suka yi sun samu raguwar damuwa da ƙunci, kuma sun fi sauran iya tsayar da hankali da kame hannu a wani gwaji da ake auna saurin tunzura da shi. A 2014 kuma likita Bessel van der Kolk da abokan aikinsa sun gwada wa mata 64 waɗanda suka daɗe da ciwon firgici, magani bai yi musu ba. Bayan mako goma, kashi 52 cikin 100 na waɗanda suka yi yoga alamomin ciwon sun ragu har sun fita daga sahun masu ɗauke da shi, alhali a ɗaya kashin, da aka yi wa darasin kiwon lafiya kawai, kashi 21 ne suka fita.

Waɗannan alƙaluma ba su ce an samu maganin komai ba. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, lokacin gajere ne, kuma raguwar damuwa a mako goma ba ta tabbatar da cewa mutum ba zai sake aikata laifi ba bayan shekara biyar. Akwai ma waɗanda dogon shiru da rufe ido ke tayar musu da abin da suke gudu, ciwon ya ƙaru maimakon ya ragu. Amma duk da haka sun nuna abu guda da ya dace da maganar ɗan yayata, cewa ana iya shiga wa wannan ciwo ta ƙofar jiki.

Idan aka cire sunaye da tufafi da tabarmin roba, me ya rage a cikin abin? A fahimtata abu biyu ne. Na farko numfashi. Zuciyar ɗan Adam tana ɗan ƙara sauri idan ya ja numfashi, tana ɗan lafawa idan ya sake shi. Don haka wanda ya koyi sakin numfashi a hankali, ya tsawaita fitarsa fiye da shigarsa, ya samu linzamin da zai iya ja da kansa lokacin da jiki ya ɗauki gudu. Mutum ba zai iya ce wa zuciyarsa ta daina bugu ba, amma yana da iko da numfashinsa, numfashin kuma yana da iko a kan zuciyar.

Na biyu, wanda na fi jin nauyinsa, shi ne zaɓi. Masu koyar da waɗanda suka firgita sun gano cewa ba a ba su umarni. Ba a ce wa mutum rufe idonka, sai dai a ce in ka ga dama ka rufe, in ba ka so ka kalli ƙasa. Ba a taɓa jikinsa don a gyara masa zama. Ba a zagayawa ta bayansa. In ya ji abin ya yi masa yawa yana da damar tsayawa, ba wanda zai tuhume shi. Mai karatu ya auna wannan da rayuwar ɗaurarre, wanda ake ce masa tashi, tsuguna, jeru, shiga, a ƙirga shi kamar buhun shinkafa safe da yamma. Wata goma sha huɗu jikin ɗan yayata ba nasa ba ne. Rabin awa da za a ce masa jikin nan naka ne, kai za ka ce ya motsa ko ya tsaya, ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa.

Yanzu sai mu zo inda gizo ke saƙar. Yoga ta samo asali daga addinan Indiya, kuma wasu nau'o'inta suna ɗauke da kirari da ambaton abubuwan bautar da Musulmi ba zai kusanta ba. Majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yin ta a 2008, malaman Indonesiya kuma a 2009 suka hana nau'in da ke ɗauke da waɗannan ambato, suka bar na motsa jiki zalla. A ɗaya ɓangaren, Saudiyya ta amince da ita a matsayin wasan motsa jiki a 2017. Ba Musulmi kaɗai ke da wannan ɗari-ɗari ba. A gidan yarin Donaldson na jihar Alabama a Amurka an fara horon Vipassana a 2002, ba a jima ba aka dakatar da shi saboda ƙorafin cewa ana karkatar da fursunoni Kirista zuwa addinin Buddha, sai a 2006 aka dawo da shi. To, in haka ta faru a Alabama, ba sai an faɗa wa kowa abin da zai faru ba ranar da aka ji an shimfiɗa tabarmi ana koyar da yoga a wani gidan yari a Kano. Kafin la'asar magana ta cika gidajen rediyo, kafin Juma'a ta hau mumbari. Ni kaina ba zan goyi bayan a kawo ta da sunanta da kirarinta ba. Tambayata ita ce, shin abin da ke aiki a cikinta mallakin Indiya ne?

Da wannan tambaya na je wurin wani dattijon malami a ƙauyenmu, wanda ya karantar da mu Ahalari da Ishmawi muna yara. Yanzu idonsa ya yi rauni, amma kunnensa garau. Na kwashe labarin yaron na faɗa masa, na kuma ba shi labarin Tihar da na numfashi, ina ɗan jin nauyin kada ya ce boko ya ɓata ni. Ya yi shiru har na zaci ya yi barci. Can sai ya ce, "Yana salla?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ba ta wuce shi."

Ya ce, "Ba wannan na tambaye ka ba. Idan ya yi ruku'u, ƙashin bayansa yana tsayawa? Idan ya yi sujada, yana daɗewa har gaɓoɓinsa su zauna?"

Sai na tuna yadda yaron ke salla tun dawowarsa, kamar wanda ake kora, kafin ka ce Fatiha ya sallame yana waige-waige. Malam ya ce ai natsuwa farilla ce daga farillan salla, mun karanta a gabansa, kuma malamai sun fassara ta da cewa gaɓoɓi su tabbata a kowane rukuni, su daina motsi. Ya tunatar da ni abin da ya zo a hadisi game da mai fushi, cewa in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta, da kuma umarnin ya yi alwala. Ya ce, "Ka lura, ba a ce a tsaya a yi masa dogon bayani a kan illar fushi ba. Jikinsa aka fara kamawa. Mu ne muka mayar da komai surutu."

Na dawo gida ina jujjuya wannan magana. Lallai gadonmu bai rasa komai ba a wannan fage. Muraƙaba da muhasaba, wato mutum ya zauna ya lura da abin da ke kai-kawo a zuciyarsa ya kuma yi wa kansa hisabi, tsofaffin darussa ne. Harisu al-Muhasibi, wanda ya rasu a Bagadaza a 857, daga wannan aiki ya samo laƙabinsa. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi sukutum a kan kula da lafiyar jiki da ta rai tare, Masalihul Abdan wal Anfus, inda ya yi bayanin tsoro da firgita da baƙin ciki da waswasi a matsayin cututtukan da ake yi wa magani. Har ya ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin kwanciyar hankali, kamar yadda ake ajiye magani a gida don ranar larura. Ba a fafe gora ranar tafiya. A Kano kuwa, garin Ƙadiriyya da Tijjaniyya, zama wuri guda da carbi ana maimaita zikiri a kan ƙa'ida, numfashi na tafiya tare da lafazi, ba baƙon abu ba ne. Wanda ma ba ya ɗariƙa yana da azkar na safe da yamma, Kirista kuma yana da nasa addu'o'in na shiru.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce salla motsa jiki ce ba, ban kuma ce a yi zikiri don saukar da hawan jini ba. Ibada don Allah ake yin ta. Abin da nake cewa shi ne, gidajen yarinmu ba su rasa masallaci da coci ba, ba su rasa masu wa'azi ba, amma kusan duk abin da muke kai wa ɗaurarre ta kunne muke zuba masa. A tara mutum ɗari a rana, a ɗaga murya, a ambaci wuta da azabar kabari, a ce su tuba. Mai taurin kai wataƙila ya amfana. Amma wanda ya riga ya firgita, tsawa ba ta ƙara masa komai sai firgici, kuma kashi mai yawa na masu sauraron ma ba a tabbatar sun yi laifin da za su tuba daga gare shi ba. Abin da babu shi ne wanda zai zauna da mutum goma a inuwa, da murya ƙasa-ƙasa, ya koya musu yadda za su saki numfashi, yadda za su gane alamar tashin zuciya tun tana ƙirji kafin ta iso hannu, yadda za su dawo da natsuwa cikin ruku'u da sujada. Wannan ba ya buƙatar kwangila. Yana buƙatar malami ko fasto ko ma'aikacin jin daɗin fursunoni wanda masanin halayyar ɗan Adam ya horar, ya san abin da zai yi, ya kuma san inda iyakarsa take, wato lokacin da zai ce wannan sai likita.

Gwamnati ma ba za ta ce ba ta san da maganar ba. Lokacin da Dakta Fatima Akilu, masaniyar halayyar ɗan Adam, take jagorantar shirin sauya tunanin masu tsattsauran ra'ayi a ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, an haɗa limamai da masana halayya da masu koyar da zane da wasanni suna aiki tare a kan waɗanda ake tsare da su a Kuje bisa zargin Boko Haram. Sansanin Malam Sidi da ke jihar Gombe, inda ake karɓar tubabbun mayaƙa, shi ma an tanadi masu ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Mutane da yawa suna jin haushin wannan gata, kuma ina fahimtar haushinsu. Ni dai abin da na ɗauka daga ciki shi ne hukuma ta yarda cewa ba a gyara mutum a mayar da shi cikin jama'a sai an duba raunin da ke cikinsa. In wanda ya ɗauki bindiga ya cancanci haka, ban ga dalilin da zai sa ɗan manomin da aka kama a bakin kanal, aka kuma sallame shi ba tare da an same shi da laifi ba, a miƙa masa 'yan kayansa a leda a ce ya je Allah Ya kiyaye gaba ba.

Doka ma tana gefenmu. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali, kuma daga cikin ayyukan da ta ɗora wa hukumar akwai samar wa ɗaurarru kulawar likita da ta ƙwaƙwalwa da ta addini da ba da shawara. Ta kuma buɗe ƙofar hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin yi wa al'umma hidima da sasanta mai laifi da wanda aka yi wa laifi, wanda shi ne ainihin abin da dattawanmu suka yi a zaure ba tare da sun san akwai dokar ba. A farkon 2023 kuma aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. A takarda dai mun yi nisa. Amma ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwarta 'yan ɗaruruwa ne a kan mutum fiye da miliyan 200, ba za ta iya ajiye likita a kowane gidan yari ba. Ko dai a horar da waɗanda ke ciki, ko dokar ta ci gaba da kwana a durowa. Kuma in za a yi horon a fara da gandirobobi, kamar yadda aka haɗa da ma'aikata a Tihar. Mutumin da yake wuni yana kwana cikin wannan yanayi shekara ashirin, shi ma yana komawa gida da wani abu a ƙirjinsa, matarsa da 'ya'yansa ne suka san shi.

Akwai wani tsoro da nake da shi game da shawarar tawa, kuma gara in faɗe shi da bakina. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen yarin Nijeriya ba a yanke musu hukunci ba. Tsohon gidan yarin Kurmawa da ke bayan fadar Sarkin Kano tun farkon zamanin Turawa aka gina shi, lokacin da birnin bai kai unguwa guda ta yau ba, shi ya sa aka gina sabo mai cin mutum 3,000 a Janguza. Idan aka koya wa mutum jan numfashi a ɗakin da iskar ma ba ta isa ba, aka koya masa haƙuri alhali fayil ɗinsa ya ɓace, to an mayar da magani abin rufe baki. Shugaban da ke son gidansa ya yi tsit zai yi maraba da duk abin da zai kwantar da fursunoni, ko yoga ce ko wa'azi. Natsuwar da nake nema wa ɗaurarre ba ta ɗauke wa alƙali da mai gabatar da ƙara da ɗan sanda mai bincike ko ƙwayar zarra daga nauyin da ke kansu ba. Da an saurari shari'ar ɗan yayata cikin wata guda, da wataƙila ban san sunan Kiran Bedi ba har yau.

Shi kuwa yaron, a ƙarshe mun kai shi asibiti a birni, bayan doguwar muhawara da mahaifiyarsa, wadda take ganin zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa tamkar shelar hauka ce, wa zai ba shi mata bayan haka. Likitan ya saurare shi fiye da yadda ni kaina na taɓa saurarensa, ya ba shi magani na ɗan lokaci, ya raba shi da na masu tebur a hankali. Abin da ya ba ni mamaki, shi ma sai ga shi yana koya masa sakin numfashi, yana ƙirga masa da yatsu. Malam kuma ya ce ya riƙa zuwa bayan sallar asuba. Ba ya yi masa wa'azi. Zama suke yi a kan buzu, ƙofa a buɗe, yaron na fuskantar ƙofar kamar yadda ya zaɓa, kowa da carbinsa. Wani lokaci ya yi minti ashirin, wani lokaci minti uku ya miƙe ya fita, Malam bai taɓa ce masa dawo ba.

Ba zan ce ya warke ba. Har yanzu ba ya son ƙarar makullai, kuma watan jiya da motar 'yan sanda ta wuce ta hanyar Zariya muna tsaye a Ƙarfi, na ga yadda hannunsa ya kama rawa. Amma na ga ya sa hannun a ƙirji, ya fitar da iska a hankali sau huɗu ko biyar, sannan ya ci gaba da cinikin takin da muka je saye. Bana ya karɓi rabin eka ya dasa shinkafa. Ban ruwan dare dai ya ce ba zai ƙara ba, ƙaninsa ke zuwa, shi kuma ya karɓe shi da hantsi. Gonar tasu har yanzu ita ce ta ƙarshen layi, kuma maƙwabcinsu na sama shi ne mutumin da aka fasa wa kai.